Kwamfuta Biyu A Gida Ɗaya: Nasiha Ga 'Ya'yanmu

Ya ku 'ya'yana maza da mata, ku sani ni mutum ne da ya fara buga takarda a kan tafireta, tun zamanin da kuskuren harafi ɗaya ke sa a yage shafi a koma farko, kuma Allah Ya ja kwanana har na ga lokacin da gidajenmu na Shanono da Faruruwa da Leni da Kokiya, waɗanda a da babu abin zamani a cikinsu sai rediyo mai batir da fitilar ƙwai, suka zama ana samun kwamfuta biyu a wasunsu, ɗaya ta tebur a shagon wa mai buga wa mutane takardu, ɗaya laftof a hannun ƙanwa ɗaliba. Tun da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta baki ɗaya kan kwamfuta a shekarar 2015, uban da bai taɓa mafarkin sayen wannan na'ura ba ya gane cewa buhunan gyaɗa da wake da zai sayar dominta ba asara ba ne. Wannan ni'ima ce, sai dai kowace ni'ima tana zuwa da irin nata jarrabi, kuma jarrabin da na fi ganin yana wahalar da ku shi ne ranar da kwamfutocin nan biyu, waɗanda jiya suke miƙa wa juna fayil daga ɗaki zuwa ɗaki ba da gardama ba, suka wayi gari kamar ba su taɓa sanin juna ba.

Bari in ba ku labarin abin da ya auku a gidan ƙanena, Allah Ya jiƙansa, domin gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Babban ɗansa yana da kwamfutar tebur wadda a cikinta yake ajiye lissafin takin da suka ci bashi, da na amfanin da suka ɗauke kowace kaka, da hotunan mahaifinsu, kuma ya buɗe wa ƙanwarsa folda guda wadda take zuba aikinta na kammala makaranta don ya buga mata a firinta. Wata rana da hantsi ta duba laftof ɗinta ba ta ga kwamfutar yayanta a ciki ba, shi kuwa, da yake yaro ne mai zafin nama, bai tsaya bincike ba ya yanke hukunci cewa cuta ce ta shiga, ya naɗe na'urar a zani ya hau mota sai birnin Kano, inda wani mai gyara, wanda shi ma bai tambayi kome ba, ya goge ta ƙaf ya sake ɗora mata Windows. Ya dawo da almuru, kuɗin mota sun tafi, kuɗin gyara sun tafi, lissafin shekaru ya tafi, hotunan mamaci sun tafi, matsalar kuwa tana nan daram inda ya bar ta. Da ya zo mini yana cewa, "Baffa, abin nan ya fi ƙarfina," ban yi minti biyar a ɗakin yarinyar ba na ga illar: laftof ɗinta ta saki akwatin MiFi na gidan ta kama hotsifot ɗin wayarta, saboda a daren jiya batirin akwatin ya mutu ita kuwa tana son ta ci gaba da karatu. Garin neman gira ke nan aka rasa ido.

Ba na kawo wannan don in kunyata yaron ba, gama na san da ni ne a shekarunsa da na yi abin da ya fi haka. Na kawo shi ne don in nuna muku cewa abin da ya rasa ba basira ba ce, tartibi ne. Duk wanda ya zauna gaban malami a zaure ya ɗauki Ahalari ko Ishmawi ya san ba a fara koya masa sujada kafin a koya masa tsarki, kuma idan mutum ya zo da shakka a kan sallarsa, malami mai hankali yakan fara da tambayarsa ruwan da ya yi alwala da shi, sa'an nan ya hau sama rukuni bayan rukuni har ya iske inda ɓarakar take. To, haka sha'anin waɗannan na'urori yake, domin su ma sharuɗɗa ne bisa sharuɗɗa, na sama ba ya inganta sai na ƙasa ya inganta, kuma wanda ya fara bincike daga sama ya yi kama da mai gyaran jinka alhali gara ta cinye ginshiƙi.

Saboda haka, ɗana, kafin ka taɓa wani maɓalli, ka sunkuya ka dubi abin da ido ke gani da abin da hannu ke taɓawa. Shin akwai wuta a rawuta, wato akwatin da ke haɗa na'urorin gidan, ko kuwa ta ɗauke tare da wutar KEDCO, ko batirin sola ya yi ƙasa da asuba? Shin 'yar fitilar nan da ke bakin ramin igiya tana ƙyaftawa? Igiyar sadarwa tana ɗauke da siraran wayoyi takwas a cikinta, kuma ba a so tsawonta ya wuce mita 100, ga shi kuwa mu mutanen karkara muna zaune da ɓeraye waɗanda ba su bambanta igiya da zangarniyar gero, muna kuma da ƙurar hunturu mai cika kowane rami, da tsawar damina mai ƙona rawuta ta bar fitilarta tana ci kamar lafiya lau. Wani abin mamaki shi ne, igiyar da ɗaya daga cikin wayoyinta ya tsinke tana iya ci gaba da aiki amma da tafiyar hawainiya, domin ƙaramin gudu wayoyi huɗu kawai yake bukata, babban gudu kuwa sai takwas ɗin sun cika. Kuma kada ka manta da abin da ya fi kowanne sauƙi, wato kwamfutar da aka rufe murfinta don tattalin batir ta yi barci, mai barci kuwa ba ya amsa sallama.

Idan wannan ya inganta, sai ka tambayi kanka tambayar da ɗan ƙanena bai yi ba: shin su biyun a unguwa ɗaya suke? A nan ne yawancinku kuke ruɗewa, domin kun ɗauka cewa muddin kowacce tana buɗe intanet to lalle suna tare, alhali kuwa mutumin Shanono da mutumin Bagwai duk suna iya zuwa Kano ba tare da sun zama maƙwabta ba. Kowace kwamfuta, sa'ad da ta shiga sadarwar gida, rawuta takan ba ta adireshi mai lambobi kashi huɗu, kamar yadda mai unguwa ke nuna wa baƙo filin da zai kafa bukka, kuma kana iya ganin wannan adireshi in ka buɗe baƙin allon nan na umarni ka rubuta ipconfig. A galibin gidaje za ka ga ya fara da 192.168, kuma ƙa'idar da za ka riƙe ita ce kashi uku na farko su zama iri ɗaya a kwamfutocin biyu, na huɗu ne kaɗai zai saɓa. Idan ɗaya tana 192.168.8.100 ɗayar kuwa tana 192.168.0.5, to, garuruwansu daban, ko da tabarma ɗaya suke a kai. Idan kuwa ka ga adireshin ya fara da 169.254, wannan alama ce cewa na'urar ta yi ta neman mai ba ta adireshi ba ta samu ba har ta gaji ta laƙaba wa kanta, sai ka koma kan rawuta da igiya, can illar take.

Daga nan sai sallama. Akwai umarni ɗan ƙarami da ake kira ping, wanda in ka rubuta shi ka bi shi da adireshin ɗaya kwamfutar, taka za ta aika sallama sau huɗu ta faɗa maka ko an amsa. In an amsa, ka tabbata hanya a buɗe take, saura maganar izini. In ba a amsa ba, kada ka yi saurin cewa babu kowa a gidan, domin sau da yawa mai gida yana ciki, mai gadinsa ne ya hana shi magana. Dalili kuwa shi ne, Windows takan kasa kowace sadarwa gida biyu, ta kasuwa wadda suka rubuta wa Public, da ta gida wadda suka rubuta wa Private, kuma duk sadarwar da ta ɗauka ta kasuwa ce sai ta ja mayafi ta ɓuya, ba ta ganin kowa ba a kuma ganinta. Wannan hikima ce ba wauta ba, gama wanda ya shiga kasuwar Faruruwa da kuɗi a aljihu ba ya shelar abin da yake ɗauke da shi. Kuskuren kawai shi ne, sabuwar rawuta ko sabon suna na wayifai yakan sa ta ɗauki ɗakinka a matsayin kasuwa, maganinsa kuwa bai wuce ka shiga saitin sadarwar ka shaida mata cewa nan gida ne, ka kunna ganin juna da rabon fayil a ɓangaren gida kaɗai. Na ga samari da yawa waɗanda, maimakon wannan ɗan gyara, sukan kashe katangar tsaron Windows, wato mai gadin nan, dungum, su ga abu ya yi aiki su yi murna, ba su san sun rushe katangar gida ne don akuya ta sami hanyar shiga ba.

Akwai kuma lokacin da kome ya daidaita amma sunan ɗaya kwamfutar ya ƙi bayyana a jerin maƙwabta. Kada wannan ya tayar maka da hankali, jerin nan daɗaɗɗen mai nawa ne. Ka rubuta karkatattun layuka biyu a saman tagar fayiloli ka bi su da adireshin, kamar haka \\192.168.8.100, sau da yawa sai ka ga ƙofa ta buɗe. Sai dai ka sani adireshin aro ne, idan wuta ta ɗauke ta dawo rawuta tana iya sake rabo ta ba wa wayar wani lambar da kwamfutarka ke riƙe da ita jiya, don haka wanda ya gaji da wannan sai ya shiga rawutar ya keɓe wa kwamfutar tebur lamba guda ta dindindin. Ka duba suna kuma, domin masu sayar da kwamfutocin hannu sukan zuba musu Windows daga tushe ɗaya, har ka sayi biyu ka tarar sunansu ɗaya, gida ɗaya kuwa in an yi mutum biyu masu suna ɗaya ai sai an yi laƙabi.

Yanzu na iso inda na fi so ku tsaya ku saurara, wato maganar izini, domin a nan ne gyaran na'ura yake haɗuwa da amana. Foldar da aka buɗe wa wani tana da ƙofa biyu, ƙofar zaure da ƙofar ɗaki: izinin rabo, wanda ke cewa wa zai shigo ta hanyar sadarwa, da izinin tsaro na foldar kanta, wanda ke cewa me zai taɓa in ya shigo, kuma duk inda biyun suka saɓa, wanda ya fi tsanani shi ke rinjaye. Shi ya sa za ki ga, 'yata, kina hango foldar amma an ce ba ki da iko, ko kina karantawa amma ba ki iya ajiyewa. Haka nan idan aka tambaye ki suna da kalmar sirri, na kwamfutar da za ki shiga ake nufi, ba na wadda ke gabanki ba, kamar yadda baƙo ke ambaton sunan mai gida a bakin zaure ba sunan kansa ba. Kuma Windows, bisa al'adarta, ba ta yarda a shigo ta hanyar sadarwa da asusun da ba shi da kalmar sirri sam, sababbin fitowar Windows 11 ma sun ƙara tsanantawa a kan baƙon da ba shi da suna. Hanyar da ta dace ita ce mai kwamfutar ya buɗe asusu na musamman mai kalmar sirri domin rabon, ya ba shi folda ɗaya tak.

Amma na san abin da zuciya ke raya wa mai gaggawa: a kashe neman kalmar sirri, a ba kowa da kowa cikakken iko, a buɗe faifan gaba ɗaya a huta. Ɗana, ka tuna yadda muke zaune. Gidajenmu a manne suke, katanga ɗaya ke raba ka da maƙwabci, wayifai kuwa ba ta san katanga ba, kuma ka riga ka ba abokinka kalmar shiga, shi ma ya ba abokinsa, har ta kai ga samarin da ke zama a dakalin ƙofar gida bayan isha'i. Duk wanda ya hau wannan sadarwa ya zama ɗan gida a idon na'ura, kuma in ka buɗe faifanka gaba ɗaya ka buɗe masa hotunan iyayenka mata da ƙannenka na ranar biki, da takardun gona, da lambobin asusun banki, abubuwan da ba naka kai kaɗai ba ne balle ka yi kyauta da su. Shari'a ta hana leƙen gidan mutane, ta wajabta neman izini kafin shiga, ban kuwa ga dalilin da zai sa hukuncin ya sauya don gidan ya koma cikin akwati ba. Ga kuma wata hasara da ba a faɗa muku: fayil ɗin da aka goge daga nesa ta hanyar sadarwa ba ya faɗawa kwandon shara na kowace kwamfuta, ya tafi ke nan, saboda haka ƙaramin yaro mai wasa da laftof a tsakar gida yana iya shafe aikin shekara da yatsa ɗaya. Wanda karatu kawai yake bukata, a ba shi izinin karatu kawai.

Kai kuma da Allah Ya ba ka sanin gyara har ana kiranka gida gida, ka sani duk abin da idonka ya faɗa a kai a kwamfutar mutane amana ce a wuyanka, daidai da abin da wanzami ko ungozoma suke gani su yi shiru.

Saura mas'ala guda mai wuya, ita ce ta tsohuwar kwamfuta da sabuwa. Harshen da Windows ke magana da shi wajen rabon fayil ana ce masa SMB, asalinsa tun shekarun 1980, an kuma sabunta shi a zamanin Windows Vista. Tsohuwar kwamfuta mai Windows XP, wadda ta fito a 2001 kuma kamfanin Microsoft ya daina kula da ita a watan Afrilu na 2014, ba ta jin kome sai tsohon harshen, sababbin Windows kuwa tun daga ƙarshen 2017 suna zuwa da shi a kashe. Za a sami wanda zai ce maka ai kunna shi abu ne mai sauƙi, kuma gaskiya ya faɗa, sai dai bai gaya maka dalilin kashewar ba. A ranar 12 ga watan Mayu na 2017 wata cuta mai suna WannaCry ta bi ta wannan tsohuwar kafa ta kama kwamfutoci fiye da 200,000 a ƙasashe wajen 150, tana kulle fayilolin mutane tana neman fansar dala 300, har asibitocin gwamnati a Ingila suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali kuwa Microsoft ya fitar da maganin toshe kafar tun watan Maris, mutane ne suka yi sakaci. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ra'ayina a nan, kuma na san wasu za su ga na tsananta, shi ne tsohuwar nan a kwashe abin da ke cikinta a raba ta da sadarwa, ta zauna ita kaɗai tana buga takardu har Allah Ya hore wata. Mai Windows 7 ma ya sani an daina kula da ita tun Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta na gama gari ya cika a Oktoban 2025. Wanda kuma yake ta neman hanyar rabon nan da ake kira HomeGroup saboda ya gani a wani tsohon bidiyo, ya huta, an cire shi tun 2018.

Wataƙila wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce, ga filash, ga Xender, ga WhatsApp? Ban hana ba, kowanne da ranarsa. Amma filashin da ya zaga shagunan masu tura fina-finai yakan dawo da cutar nan mai ɓoye folda ta bar inuwarta, kuma aika babban fayil ta intanet daga ɗaki zuwa ɗaki yana nufin ka biya data ya fita ƙasar waje, ka sake biya ya dawo, alhali rabon cikin gida ko ƙwayar data ba ya ci, yana aiki ko da babu ko sisi a layin, ko da sabis ya ɗauke a garin baki ɗaya. Abin da kawai zan ƙara shi ne, buɗe folda ga ɗan'uwa ba ajiya ta biyu ba ce, rumbu ɗaya ne mai ƙofa biyu, in gobara ta kama shi hatsin duka ya tafi. Abin da kuke jin zafin rasawa, ku kwafe shi a wani faifai dabam wanda ake cirewa a sa a akwati.

Ɗan ƙanen nawa yanzu yana da ɗan littafi mai bangon shuɗi rataye a ƙusa kusa da rawuta, a ciki ya rubuta sunan kowace kwamfuta da adireshinta da foldar da aka buɗe da wanda aka buɗe wa, kuma duk ranar da abu ya tsaya yakan sauya abu ɗaya, ya gwada, ya rubuta, in bai yi ba ya mayar da shi yadda yake kafin ya taɓa na gaba, domin wanda ya juya abu biyar a lokaci guda, ko ya dace, ba zai san wanne ne ya yi magani ba, gobe kuma sai ya koma jahilcinsa na jiya. Ƙanwarsa ta gama makaranta, aikinta ya tsira domin akwai kwafinsa a laftof ɗinta. Hotunan mahaifinsu dai har yau muna bin dangi muna tambaya ko akwai wanda ya rage da ko guda a wayarsa, mun sami uku.